Daga Maraɗi zuwa Agadas: in kwashe iyali ko in yi zamana?

Bakanike na Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci kwana uku ke nan. Sana'ata gyaran injin ban ruwa da janareto, shekara 11 ina kanta a nan Maraɗi. Masu lambun bakin Gulbi da na Jiratawa da na wajen Madarunfa su ne abokan cinikina. To, wani abokina da muka koyi aiki wurin maigida ɗaya, yanzu yana Agadas, ya ce in zo mu haɗa hannu. Yana da shago, aiki ya yi masa yawa, masu noman albasa na cikin duwatsun Abzin suna sauko masa da injuna har ya rasa wurin ajewa. Ya ce riba mu raba biyu, gidan haya kuma shi zai nemo mini. Ina da mata ɗaya da yara 4, babban saura shekara guda ya gama firamare. Ni ban taɓa wuce Tanut ba. Waɗanda suka san garin, don Allah ku faɗa mini gaskiya, mai daɗi da marar daɗi.

Ɗan Mokoyo: Wa alaikumus salam. Ka bar Maraɗi ka tafi inda ko giginya babu? Mu da muke kuka da zafin watan Afrilu a nan, kai za ka kai kanka bakin murhu.

Ɗan Abzin mazaunin Maraɗi: Ɗan Mokoyo, ka taɓa zuwa ne ko labari ka ji? Ni can aka haife ni, karatu ya kawo ni jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, aure ya riƙe ni. Zafi akwai shi, ba zan ɓoye ba, watan Mayu da Yuni yana wuce digiri 40 kusan kullum. Amma ai nan ma haka yake kafin damina ta faɗi. Bambancin shi ne namu busasshe ne, zufa tana fitowa tana bushewa, in ka samu inuwa da ɗakin ƙasa mai kaurin bango ka huta. Abin da baƙi ba su shirya masa ba shi ne ɗari. Disamba da Janairu da asuba, ruwan randa sai ka yi ta maza kafin ka yi alwala da shi. Kuma Bakanike, kada batun harshe ya dame ka. Hausa ake yi a kasuwa, a tasha, a masallaci. Agadasawan cikin tsohon gari Hausa ce harshensu na gida, sai dai lafazin ya ɗan bambanta. Masu lambun da za su kawo maka inji su ne Tamajak ta fi ƙarfi a bakinsu, amma mafi yawansu suna jin Hausa.

Ɗan Mokoyo: Ban je ba, amma ai ba sai ka taɓa wuta ba kafin ka san tana ƙuna.

Tsohon Direba: Yaro, bari in yi maka maganar hanya, don nan ne nake da baki. Shekara 22 ina jan babbar mota, hatsi zuwa arewa, albasa da gishiri da dabino zuwa kudu. Hanya biyu ce sananna. Ko ka bi gabas, Maraɗi zuwa Damagaram, ka miƙe arewa ta Tanut da Adarbisanat, wajen kilomita 700. Ko ka bi yamma har Tsarnawa ka hau Tawa, Abalak, sannan Agadas, ita ta ɗan fi tsawo. Ta Tawa ɗin nan ita ake ce wa hanyar uraniyom, don dominsa aka shimfiɗa ta har Arlit, kuma manyan motoci sun ci ta sun cinye. Lokacin da nake bi, akwai wuraren da gara ka sauka daga kwalta ka bi gefe cikin rairayi. Ban ce maka kada ka je ba. Abin da nake so ka sa a ranka, yini guda cur ne a mota, in an yi sa'a ba ta lalace ba. Kai da ka saba in an ce Inna ba lafiya ka hau babur cikin minti 10 kana gabanta, can in aka kira ka da labarin rasuwa, sai dai ka tarar da zaman makoki, ba jana'iza ba. Ni ya faru da ni, mahaifina ya rasu ina Adarbisanat mota ta karye.

Bakanike na Sabon Gari: Allah ya jiƙan shi, Baba. Wallahi wannan ban auna shi haka ba.

Alhaji Mai Hatsi: Ni ta fannin ciki zan yi magana, don shi ne sarki. Agadas ba ta noma geron da take ci. Ruwan da take samu a shekara bai kai sulusin namu ba, mu muna samun wajen milimita 500, su in sun ga 150 sun yi murna. Duk tiyar geron da matarka za ta daka can, daga nan ko daga Damargu ta tafi, ta biya kuɗin mota, ta biya ɗan dako, ta biya ribar mutum uku irina. Tun zamanin ayarin raƙuma haka abin yake, su kawo kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. To ka lissafa. A nan na san kana da gona ko ta gado ce, kana samun damin da zai kai ka wata huɗu ko biyar. Can babu wannan, komai saye ne, har itacen girki. Kuɗin da abokinka yake gaya maka, ka tambaye shi nawa ke saura a aljihu ran 30 ga wata, ba nawa ke shigowa ba.

Maman Ƴan Biyu: Alhaji ya faɗi gaskiya kan gero, amma bai faɗi ɗaya gefen ba. Na yi shekara 6 a Agadas, an tura maigidana aikin koyarwa. Taliya, madarar gari, man girki, dabino, duk masu shigowa daga Aljeriya da Libiya, mun same su da sauƙi fiye da nan a lokacin. Lokacin sanyi kuma kayan lambu sai wanda ya gani: dankalin turawa, tafarnuwa, tumatir, lemun Timiya mai zaƙi, har rumman. Yarana can suka koyi shan fura da cuku da dabino, har yau suna tambayata.

Abin da ya wahalar da ni ruwa ne. Ƙanena, ka ji wannan da kyau, don kai kana shago, matarka ce za ta sha wuyarsa. Unguwar da muka fara zama can bayan gari ce. Da bazara sai pampo ya kwana biyu bai ɗiga ba, in zai zo kuma sai tsakar dare. Nakan tashi ƙarfe 2 in tara jarkoki, in na yi barci na makara to ranar sai saye wurin masu kura. Da muka koma kusa da tsakiyar gari abin ya yi sauƙi ƙwarai. Saboda haka kada ka yarda da "na samo maka gida" a waya. Ka tambayi wace unguwa, ka tambayi matan maƙwabta ƙarfe nawa ruwa ke zuwa a watan Mayu, ba a watan Janairu ba. Sai ƙura. In iskar gabanin damina ta taso, sararin sama ya yi ja, ka rufe ƙofa ka rufe taga, duk da haka sai ka tauna rairayi a tuwo.

Kuma kaɗaici. Maza ba ku san wannan ba. A nan in ta haihu, uwarta da gwaggonninta suna kanta kwana 40. Ni can na haifi ƴan biyun nan, maƙwabciyata Ba'abziniya ce ta yi mini wankan jego, Allah ya saka mata, ta zame mini ƴar'uwa har gobe. Amma wata ukun farko kuka na sha a ɓoye.

Ɗan Jado: Ni dai in an ce arewa gabana faɗuwa yake. 2014 da aka ga zinariya a Jado, na sayar da babur ɗina da tumaki 3 na bi sahun mutane. Mun haɗa kuɗi mu biyar muka sayi na'urar gano zinariya. Daga Agadas zuwa can kwanaki ne cikin Tenere, jarkar ruwa tsadarta ta isa ta sa ka kuka. Wata 7 na yi. Abin da na samo bai biya babur ɗin ba. 2017 kuma gwamnati ta rufe wurin gaba ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ɗan Abzin mazaunin Maraɗi: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri, amma Jado ba Agadas ba ce. Jihar Agadas ta fi rabin ƙasar Nijar girma. Tsakanin garin da Jado ya fi tsakanin Maraɗi da Yamai nisa. Kuma shi ba haƙa zai je ba, da sana'arsa a hannu zai je. A harkar zinariya ai waɗanda suka ci riba tabbatacciya su ne masu sayar da ruwa, masu abinci, da masu gyaran inji.

Ɗan Jado: Wannan kam haka ne. Wanda ke gyara mana janareto ya fi mu duka samu.

Malamin Tarihi: Ku ba ni dama in ɗan ja magana, don ina ganin nan ne gizo ke saƙa. Arzikin Agadas na zamanin nan kamar ruwan kori yake, ya zo da ƙarfi ya cika ko'ina, gobe ka je ka tarar da rairayi. Ku duba. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, kuɗi suka zuba, sannan farashi ya faɗi. Sai Turawa masu yawon buɗe ido, har tseren motocin Paris zuwa Dakar yana ratsa garin, maƙeran azurfa da dukawa da direbobi suka ci abinci. Tawayen shekarun 1990 ya tsinke abin, ya ɗan farfaɗo, na 2007 ya sake kashe shi, sace Turawa a Arlit a 2010 ya binne shi. Ko sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya da UNESCO ta yi a 2013 bai dawo da su ba. Sai jigilar baƙin haure zuwa Libiya, duk ran Litinin motoci suna fita jere. Aka kafa dokar hana jigilar a 2015, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, mutane da yawa suka zauna. Nuwamba 2023 aka soke dokar. Kamfanin haƙar uraniyom na COMINAK ya rufe a Maris 2021, iyalai suka watse daga Akokan, garin ma'aikatansa kusa da Arlit. Sojojin Amurka da suka gina sansani kusa da filin jirgi sun tattara a 2024, masu yi musu aiki suka koma gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a wani wuri aka yanke shawararsa, ba a Agadas ba.

Abin da ya sa ban ce wa Bakanike kada ya je ba shi ne albasa ba ta cikin wannan jerin. Lambunan Tabelot da gindin Bagzan da bakin korin Telwa suna nan tun kafin uraniyom, da raƙumi da sa ake jan ruwa daga rijiya, yanzu inji ya karɓe su. Albasarsu tana fitowa lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa, shi ya sa take da daraja har ƙasashen bakin teku. Muddin mutum zai yi miya, injin nan zai lalace a nemi mai gyara. Amma ka bincika, cikin aikin da ya yi wa abokinka yawa, kashi nawa na masu lambu ne, kashi nawa na masu zinariya. In na biyun ya fi yawa, to kan ruwan kori zai gina maka gida.

Ɗan Mokoyo: Malam ya buɗe aji. Mu dai Maraɗi ba a rufe mu da doka.

Alhaji Mai Hatsi: Kai yaro, ka manta 2023? Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wa ya fi mu jin jiki? Ɗan Isa ta bakin iyaka ta yi tsit, kayan Kano da Katsina suka tsaya, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina muka koma kwana a waje. A lokacin Agadas tana shan wutar da kamfanin SONICHAR ke samarwa da gawayin ƙasa a Cirozerin, ba ruwanta da layin Katsina. Ba ina cewa wutarsu ba ta yankewa ba, tana yi, sosai ma da zafi. Amma kada mu yi kamar namu arzikin ba a hannun wasu yake ba. In naira ta yi atishawa mu ke kamuwa da mura.

Bakanike na Sabon Gari: Alhaji, wannan lokacin ne ma na fi samun aiki, kowa ya tono tsohon janaretonsa. Amma kayan gyara suka gagara. Wannan ma wani abu ne da nake tunani. Fistan, zobba, kabireta, duk daga Kano muke samunsu, daga nan kwana ɗaya sun iso. Abokina ya ce shi sai ya jira sati, wani lokaci biyu, mai lambu kuma albasarsa tana ƙonewa.

Alhaji Mai Hatsi: To ka ga ka amsa wa kanka rabin tambayar. Me zai hana ka zauna nan ka zama kai ne mai aika masa kaya? Ka sa a motar safe, gobe ya karɓa a tasha, ya turo maka kuɗinka ta Nita ko Amana. Kana gidanka, kana cin kasuwar Agadas.

Bakanike na Sabon Gari: Hannu yake nema, Alhaji, ba kaya kaɗai ba. Kuma gaskiya aikin nan ya ja baya. Cikin layinmu kaɗai mu 6 ne masu gyara, uku yarana ne da na yaye. Masu lambu masu hali kuma suna komawa injin hasken rana, shi ba ya shan mai, ba ya zuwa wurina.

Malamin Tarihi: To ai rana ta fi yawa can. Abin da ka gudu a nan zai tarar da kai a Abzin, watakila ma da sauri. In za ka je, ka je da ilmin haɗa faifan hasken rana da gyaran famfonsa, in ba haka ba bayan ƴan shekaru ka sake neman shawara a zauren nan.

Malamar Likita: Nawa kaɗan ne, kan yara. Zazzaɓin sauro ya fi sauƙi can nesa ba kusa ba, mu nan Agusta zuwa Oktoba gadajen yara cika suke yi. Amma can akwai kunama, kuma ba irin tamu ba ce da za a shafa magani a yi barci. Ta arewa tana iya kashe ƙaramin yaro. Da zafi mutane suna kwana a tsakar gida a ƙasa, lokacin take fitowa. Gado mai ƙafa, gidan sauro a soke shi ƙarƙashin katifa, a kakkaɓe takalmi da safe. In ta harbi yaro a ruga likita nan take, ba wurin mai tofi ba. In kuma akwai mai asma ko ciwon ƙirji a cikin yaranka, ka yi tunani sau biyu saboda ƙurar nan da Maman Ƴan Biyu ta faɗa. Babbar likita akwai a garin, amma ciwon da ya fi ƙarfinta sai Yamai, kusan kilomita 1000.

Ɗan Abzin mazaunin Maraɗi: Wani abu da ba ku ambata ba, ambaliya. Dariya za ku yi, amma a Satumba 2009 ruwa ya sauka kan duwatsu, korin Telwa ya ɓalle ya shiga gari, gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa suka narke. Gidan kawuna yana ciki. In an nuna maka gida mai arha a kwari, ka san dalilin arharsa. Game da tsaro kuwa, cikin gari mutane suna harkokinsu, ƴan fashi a hanyoyin daji suke, musamman na wuraren zinariya. Kuma mu da ke da ƴan'uwa a Madarunfa da Gidan Rumji, inda ake shiga ƙauye da dare a kore shanu a ɗauke mutane, ba mu da bakin yi wa wani gari gori.

Ni dai in ka je, ka je ka tsaya gindin hasumiyar babban masallaci da la'asar, mita 27 ta ƙasa zalla, tun wajen 1515 take, aka sake gina ta a 1844. Ka ga bikin Biyanu a watan cika-ciki. Za ka gane abin da ya sa muke kewa.

Maman Ƴan Biyu: Hasumiya ba ta cika randa, ɗan'uwa.

Tsohon Direba: Shawarata, gani ya kori ji. Ka bari a yi girbi ka sa hatsi a rumbu, ka tafi kai kaɗai. Amma kada ka je da sanyi ka dawo kana yabo. Ka kai har Yuni. In ka ga bazararsu ka ga lissafin shagon da idonka, sannan ka yi maganar iyali. Yaron ma ya samu ya gama firamarensa a inda ya fara. Shagonka na nan kuma kada ka saki, ka bar wa babban yaronka na aiki ya riƙe. Sannan ku rubuta yarjejeniya da shaidu, shago na wa, kayan aiki na wa, in an rabu wa ke ɗaukar me. Abota daban, kuɗi daban.

Maman Ƴan Biyu: Baba, da girmanka, amma "ka tafi kai kaɗai" ɗin nan mun san shi. Wata 6 yakan zama shekara 3. Unguwarmu akwai mata huɗu da mazansu suka tafi arewa "su gani", biyu sun yi sabon aure can, ɗaya ko waya ba ya ɗauka. In zai tafi ya sa rana, ya faɗa gaban iyayenta, ya bar mata abin cefane a hannunta, ba a hannun ƙaninsa ba. Kuma duk zancen nan da muke yi tun safe, ita an tambaye ta?

Bakanike na Sabon Gari: Hajiya, na ɗan taɓa mata. Ta ce duk inda na sa ƙafa nan za ta sa.

Maman Ƴan Biyu: Haka muke cewa duka. Ka sake tambayarta bayan ka karanta mata maganar jarkoki da ƙarfe 2 na dare.

Yaya ta Bagalam: Ikon Allah. Yanzu ɗiyata ta miƙo mini waya ta ce in duba abin da kawunta ya rubuta. Kai, wato duk mutanen zaure sun ji za ka Agadas, mu da muke ciki ɗaya sai a nan za mu tsinta? Inna ta sani? Gonar Tibiri da kai kaɗai ne namijin da ke duba ta, wa ka bar wa? Maganin hawan jininta da kake saye duk wata fa?

Bakanike na Sabon Gari: Yaya, don Allah ki yi haƙuri, ban yanke komai ba, shi ya sa ban ɗaga mata hankali ba. Kada ki faɗa mata, ni zan zo da kaina.

Yaya ta Bagalam: Tana zaune kusa da ni tana tsinke zogale, kuma ta ji an ambaci sunan garin. Ta ce ka zo bayan magariba, ka taho da matarka.

Ɗan Mokoyo: Bakanike, in an bar ka ka tafi, tiya biyu ta dabino nake so. In ba a bar ka ba, janaretona yana nan tun sati biyu yana tari, gobe zan kawo.